Tarihin Emma Tenayuca da Yajin Aikin Mata Masu Ɓara a San Antoniyo

Gabatarwa

Duk lokacin da aka tashi zancen ma'aikata 'yan asalin ƙasar Meziko da ke neman abinci a Amurka, hoton da ya fi saurin zuwa zuciyar mutane shi ne na namiji da malafarsa, duƙe a gonar inabi ko ta auduga. Gaskiya ne an yi irin waɗannan maza masu ɗimbin yawa. To, amma tun kafin Yaƙin Duniya na Biyu akwai wasu dubban ma'aikata da ba a cika tunawa da su ba, wato matan da suka cika masana'antun naɗin taba, da na ɗinkin tufafi, da rumfunan ɓarar 'ya'yan itace a biranen kudu maso yammacin ƙasar. Babu inda aka tara su kamar birnin San Antoniyo na jihar Teksas, kuma babu sunan da ya haɗu da nasu kamar na Emma Tenayuca, wadda ta tsaya a gabansu tana da shekara ashirin da ɗaya kacal, sa'an nan ta shafe sauran rayuwarta tana biyan bashin wannan tsayuwa.

Asalinta da Ƙuruciyarta

An haifi Emma Tenayuca a San Antoniyo ranar 21 ga watan Disamba, 1916. Iyayenta ba baƙi ba ne a wannan ƙasa. Ya kamata mai karatu ya tuna cewa Teksas yanki ne na Meziko har zuwa shekarar 1836, kuma sai a 1845 ta shiga Tarayyar Amurka. Dangin mahaifiyarta, gidan Zepeda, suna danganta kansu da mutanen Sifaniya da suka zauna a yankin tun da daɗewa, mahaifinta kuwa jinin 'yan ƙasa ne na asali, waɗanda Turawa suka tarar. Saboda haka ta kowane ɓangare ita 'yar gida ce, ko da yake wannan bai hana fararen birnin kallonta a matsayin baƙuwa ba.

Su goma sha ɗaya iyayensu suka haifa, abin hannu kuma kaɗan ne, don haka a gidan kakanninta na wajen uwa ta tashi. Kakanta namiji kafinta ne mai son karatun jarida da zancen siyasa. Shi ne yakan riƙe hannunta ranar Lahadi su tafi wani fili da ake kira Dandalin Ciyawa da Sifaniyanci, inda talakawan birnin ke taruwa. A nan 'yan kwangila ke ɗaukar leburorin da za a kai gonakin gwoza mai sukari a arewacin ƙasar, a nan mai ilmi ke karanta wa jama'a labaran Meziko da babbar murya, a nan kuma tsofaffin 'yan juyin-juya-hali ke hawa akwati su yi jawabi a kan ƙasa da ƙwadago. Juyin-juya-halin da ya ɓarke a Meziko a 1910 ya koro dubban iyalai zuwa Teksas, suka yi sansani a yammacin San Antoniyo. Unguwa ce ta gidajen katako da langa-langa, yawancinsu ba famfo ba lantarki, gidaje da dama suna tarayya a kan masai guda.

Emma ta yi sa'ar da yawancin sa'o'inta mata ba su samu ba, domin ba a cire ta daga makaranta an tura ta aikatau ba. Ta kammala sakandaren Brackenridge a 1934, ta yi fice wajen muhawara, kuma harsunan Ingilishi da Sifaniyanci duk sun zauna a bakinta. Amma da ta fito, aikin da takardarta ta iya samo mata bai wuce kula da na'urar da ke hawa da saukar da mutane a dogon bene ba.

Yadda Aka Kasa Aikin Mata

Ba za a fahimci abin da ya tunzura ta ba sai an dubi yadda aka kasa aikin mata a birnin a wancan zamani. Matan fararen fata su ke da ofis da kanti. Matan baƙar fata an bar musu aikin gida da wanki. Matan Meziko kuwa su aka tanadar wa aikin hannu na masana'anta, wanda ba a biya da awa ko da wata, sai da yawan abin da mace ta gama. Da yawansu ma ba su zuwa masana'antar: ɗan kwangila ne zai kawo musu yadi har gida, su kwana suna yi wa rigunan jarirai ado da allura a gaban fitila, rigunan da za a sayar a manyan kantunan Niyu Yok. Masu kamfani kan kare ƙarancin ladan da cewa mace ai taimako kawai take yi, akwai namijin da ke ciyar da gida. Alhali kuwa a wannan unguwa mazan ba sa nan rabin shekara, suna can ci-rani a gonaki, wasu an kore su zuwa Meziko, wasu sun mutu. Karayar tattalin arzikin da ta fara a 1929 ta sa hukumomi sun tasa ƙeyar dubban ɗaruruwan mutane zuwa Meziko, har da yaran da aka haifa a Amurka. Duk macen da ta yi ƙorafin lada ta san mai kamfani yana iya kira mata jami'an kan iyaka.

Duk da haka, matan ne suka fara motsi. A 1933 ɗaruruwan mata masu naɗin taba a kamfanin Finck suka shiga yajin aiki saboda ƙarancin lada, da ƙazantar wurin aiki, da tarar da ake cin mace in an ce tabar da ta naɗa ba ta yi ba. Emma tana 'yar makaranta, shekararta goma sha shida, ba ta kuma taɓa aiki a kamfanin ba. Ta je ta shiga layinsu, 'yan sanda suka kama ta tare da su. Wannan shi ne kamunta na farko. Abin da ta gani a ranar, yadda 'yan sanda suka yi wa matan aure da iyaye a gaban jama'a ba tare da ko ɗaya daga manyan gari ya tanka ba, shi ya yanke mata hanyar da ta bi.

Daga nan ta taimaka wajen kafa rassan ƙungiyar masu ɗinkin tufafin mata, sa'an nan ta koma ƙungiyar marasa aikin yi mai suna Workers Alliance, inda kafin ƙarshen 1937 ta zama sakatariyar rassanta na birnin. Aikinta na yau da kullum ba na jawabi ba ne kawai. Ita ke raka gwauruwa ofishin agaji don jin dalilin da ya sa aka soke sunanta, ita ke rubuta ƙara a kan jami'an kan iyaka da suka doki mutane, ita ke jan zugar jama'a su zauna a ofishin magajin gari su ƙi tashi. An sake kulle ta a wannan shekara. A daidai wannan lokaci ne ta shiga jam'iyyar Kwaminis, ta kuma auri Homer Brooks, ɗaya daga shugabannin jam'iyyar a Teksas. Ba ta ɓoye wannan ba ko kaɗan, kuma shi ne igiyar da aka ɗaure ta da ita daga baya.

Sana'ar Ɓarar Fikan

Fikan ɗan itace ne mai ɓawo mai tauri, ƙwayarsa mai maiƙo ce kamar gyaɗa, sai dai a kan dogon itace yake fitowa, kuma Teksas na cikin inda ya fi yawa. A shekarun 1930 kusan rabin fikan da ake ɓarewa a Amurka a San Antoniyo ake ɓare shi. Mai riƙe da kasuwar shi ne Julius Seligmann, mai kamfanin Southern Pecan Shelling, wanda har aka yi wa laƙabi da Sarkin Fikan.

A nan akwai abin mamaki da ya cancanci a tsaya a kansa. Tun kafin kamfanin Seligmann ya fara aiki a 1926 an riga an ƙera injunan fasa fikan, ana kuma amfani da su a wasu wurare. Amma a San Antoniyo sai sana'ar ta koma baya, aka jingine inji aka koma hannu. Dalili kuwa a fili yake: hannun macen Meziko ya fi inji araha. Inji yana son mai da gyara da makaniki, yana zaune ana asarar kuɗi a kansa in kaka ta wuce. Ita kuwa mace in aiki ya ƙare sai a sallame ta, in ta yi ciwo wata na bakin ƙofa tana jira.

Kamfanin bai ma ɗauki matan da kansa ba. Yakan ba ɗan kwangila buhunan fikan a kan wani farashi, ya karɓi ƙwayar a kan wani farashin da shi dai kamfanin ya yanka. Ɗan kwangila ba shi da inda zai ci riba sai a kan ladan ma'aikata. Ta haka aka sami ƙananan rumfuna wajen ɗari huɗu a yammacin birnin. Maza su suka fi yin aikin fasa ɓawon, mata da yara da tsofaffi su ke tsince ƙwayar da 'yar wuƙa, suna zaune a kan benci marar majingina, kafaɗa da kafaɗa, tun safe har duhu. Tagogi kaɗan ne, kuma a rufe suke da sanyi, domin da hunturu ake aikin. Ƙurar ɓawon, wata ja-ja mai laushi, ita ce iskar da suke shaƙa. A lokacin, cikin kowane mutum 100,000 tarin fuka na kashe 148 a shekara a San Antoniyo, alhali a ƙasar baki ɗaya 54 ne, kuma a wannan unguwa cutar ta fi ɓarna. Binciken da wasu jami'an gwamnatin tarayya biyu, Menefee da Cassmore, suka wallafa a 1940 ya nuna cewa abin da mai ɓara ke samu a mako bai kai dala uku ba, bayan aikin awa hamsin da wani abu.

Yajin 1938

A watan Janairu na 1938 aka rage ladan da dama bai kai ya kawo ba. Dala ɗaya senti ɗari ce. Mai tsince ƙwaya da ke karɓar senti 6 ko 7 a kan laba guda, gwargwadon ko ƙwayar ta farfashe ko ta fito sumul, aka mai da ita senti 5 ko 6. Mai fasawa da ke karɓar senti 50 a kan laba 100 aka mai da shi 40. Ranar 31 ga watan, ma'aikata suka watse daga rumfuna. Adadin da aka fi ambata shi ne 12,000, ko da yake wasu masana tarihi na ganin waɗanda suka tsaya a yajin sosai ba su kai haka ba. Ko ta yaya aka ƙirga, birnin bai taɓa ganin irinsa ba. Shugaban 'yar ƙungiyarsu ya yi sanyi, don haka da suka taru a fili sai suka zaɓi Emma ta ja su, domin sun riga sun san ta a ofishin agaji da ƙofar kurkuku.

Shugaban 'yan sandan birnin, Owen Kilday, ya tsaya a kan cewa babu wani yajin aiki, abin da ake ciki shi ne yunƙurin 'yan Kwaminis na ƙwace yammacin gari. Aka kama Emma tun a farkon lamarin. Aka riƙa watsa wa masu yajin barkonon tsohuwa ana dukansu da kulake, aka tono wata doka ta hana ɗaukar allo a titi ba izini aka riƙa kama su da ita. Fiye da mutum 700 aka kulle, aka cusa su a ɗakunan da ba za su ɗauki rubu'insu ba, da suka yi ƙorafi aka sakar musu ruwan mesar kashe gobara. Hatta wuraren da ake dafa wa masu yajin abinci an rufe su da sunan kiwon lafiya, a birnin da jami'an tsabta ba su taɓa damuwa da rumfunan ɓarar ba. Fushin hukuma ba don fikan kaɗai ba ne. Masu mulkin birnin, ƙarƙashin magajin gari C. K. Quin, sun dogara ne da ƙuri'un yammacin gari, waɗanda suke saye ta hanyar biya wa talakawa harajin da sai da shi ake zaɓe. Unguwar da ta koyi haɗa kai a kan senti ɗaya, gobe za ta haɗa kai a kan ƙuri'a.

Abin da ya fi ciwo shi ne matsayin waɗanda ake zaton na gida ne. Babban limamin Katolika na birnin, Arthur Drossaerts, ya goyi bayan 'yan sanda. Ƙungiyar 'yan kasuwar Meziko da ƙungiyar LULAC ta 'yan boko, waɗanda ke neman fararen fata su karɓe su a matsayin 'yan ƙasa na kirki, su ma suka ja jiki. Taimako ya zo ne daga wasu mata fararen fata masu fafutukar zaman lafiya, da ofishin jakadancin Meziko da ya yi ƙorafi a kan kama 'yan ƙasarsa, da kuma gwamnan jihar, James Allred, wanda ya sa aka yi bincike. Hukumar binciken ta sami 'yan sanda da wuce gona da iri.

Ana cikin haka ne uwar ƙungiyar, UCAPAWA, wadda ke ƙarƙashin haɗaɗɗiyar ƙungiyar ƙwadago ta CIO, ta shigo. Shugabanta Donald Henderson ya zo da kansa, ya ga cewa muddin 'yar Kwaminis ce a gaba, jaridu ba za su yi zancen lada ba, zancenta za su yi. Aka nemi Emma ta ja baya, aka ɗora wani namiji farar fata, J. Austin Beasley, a kan yajin. Ta yarda. Lissafin Henderson yana da hujja, amma ba a rasa abin cewa ba, tun da shi kansa an san shi da irin wannan ra'ayi, kuma ba wanda ya ce ya sauka. Wadda ta sauka ita ce mace, ƙarama, 'yar Meziko. Ma'aikatan dai ba su sake ta ba, sun ba ta shugabancin girmamawa, ita kuma ta ci gaba da rubuta takardun sanarwa, da tsara waɗanda za su tsaya a bakin rumfuna, da ganawa da mata gida-gida. A wannan lokaci ne jaridu suka laƙaba mata suna La Pasionaria, suna kamanta ta da Dolores Ibárruri, matar da ta yi suna da jawabi a yaƙin basasar Sifaniya.

Bayan kwana 37, ranar 8 ga Maris, ɓangarorin biyu suka yarda a kai maganar gaban masu sulhu. Hukuncin da aka yanke a watan Afrilu ya mai da wani ɓangare na abin da aka rage, aka kuma amince da ƙungiyar. A Teksas ta wancan zamani wannan ba ƙaramar nasara ba ce.

Dawowar Inji

Murnar ba ta kai ƙarshen shekara ba. A 1938 ɗin ne majalisar Amurka ta kafa dokar mafi ƙarancin lada, senti 25 a kan awa guda, ta fara aiki a watan Oktoba. Wannan ya ninka abin da mai ɓara ke samu har wajen sau biyar. Masu kamfani suka rufe rumfuna, suka nemi a keɓe sana'arsu daga dokar. Ita kanta ƙungiyar ma'aikatan, don tsoron rasa aikin gaba ɗaya, ta mara wa roƙon baya a kan a sassauta na ɗan lokaci. Gwamnati ta ƙi. Sai Seligmann ya dawo da injunan da aka jingine shekara goma sha biyu. Cikin shekara uku fiye da mutum 10,000 suka rasa aikin ɓara. Ranar da hannun mace ya yi tsada, ranar aka tuna da inji.

Ita kuwa Emma, nata ya zo mata a 1939. A watan Maris ita da mijinta suka wallafa wata maƙala a mujallar jam'iyyarsu a kan matsayin mutanen Meziko a kudu maso yammacin Amurka, inda suka bi tarihin ƙwace musu ƙasa tun daga yarjejeniyar 1848, suka nemi a koyar da yara da harsuna biyu, a soke harajin zaɓe, a daina bambanta ɗan ƙasa da baƙo a wurin aiki. Masana na lissafa ta cikin rubuce-rubucen farko da wani ɗan wannan al'umma ya yi a kan wannan batu. A watan Agusta sabon magajin gari, Maury Maverick, ya ba jam'iyyar izinin yin taro a babban ɗakin taro na birnin, bisa hujjar cewa tsarin mulki ya ba kowa 'yancin magana. Aka sa ranar 25 ga wata. Kwana biyu kafin nan labari ya zo cewa Tarayyar Sobiyat ta ƙulla yarjejeniya da Jamus ta Hitila. Mutum wajen 5,000 suka kewaye ginin da duwatsu da bulo, suka fasa tagogi, suka kutsa ciki. Da ƙyar 'yan sanda suka fitar da ita ta wata ɓoyayyar hanya. Maverick ya faɗi zaɓen 1941, ita kuwa aka yi ta aiko mata da barazanar kisa, babu kuma mai ɗaukar ta aiki a garin haihuwarta.

Sauran Rayuwarta

Aurenta ya mutu a 1941. Ta yi 'yan ayyukan ofis a Husitan tana karatun dare, daga baya ta bar jam'iyyar, a 1946 ta koma San Faransisko ta jihar Kalifoniya. Tarin fukan da ya ci matan rumfuna ita ma bai bar ta ba, sai da ta yi jinya. A 1952 ta sami digirin koyarwa, a shekarar kuma ta haifi ɗanta guda. Ba ta dawo San Antoniyo da zama ba sai a 1968. Ta ƙara digiri na biyu a 1974, ta koyar da 'ya'yan talakawa karatu a makarantun gundumar Harlandale har ta yi ritaya a 1982. Iyayen yaran da yawa ba su san wace ce malamar ba.

A tsawon waɗannan shekaru rabon aikin da ta tarar tana yarinya ya sauya wuri ne kawai. Shirin da ya kawo leburorin Meziko gonakin Amurka daga 1942 zuwa 1964 maza kaɗai ya ɗauka. Da aka rufe shi, Meziko ta buɗe masana'antun haɗa kaya a bakin iyaka a 1965, da niyyar samar wa mazan da suka dawo aiki, amma kamfanonin suka fi ɗaukar 'yan mata, bisa tsohuwar hujjar nan ta arahar hannu. A 1972 dubban mata masu ɗinki suka shiga yaji a kamfanin Farah a El Faso da San Antoniyo, suka yi kusan shekara biyu kafin a amince da ƙungiyarsu. A 1990 kamfanin Levi Strauss ya rufe masana'antarsa ta San Antoniyo ya kai aikin Kosta Rika, ya bar ma'aikata fiye da 1,100, kusan dukkansu mata 'yan asalin Meziko.

Ɗalibai mata na jami'o'i ne suka sake tono sunanta a shekarun 1970 da 1980, suka riƙa zuwa gidanta suna ɗaukar tarihinta. A 1991 birnin da ya kore ta ya sa sunanta cikin jerin fitattun matansa. Ciwon mantuwa ya kama ta a ƙarshen rayuwarta, ta rasu ranar 23 ga watan Yuli, 1999, tana da shekara 82. Daga baya hukumar tarihi ta jihar Teksas ta kafa allon tunawa da ita a filin nan da kakanta yakan kai ta sauraron jawabi ranar Lahadi.